Karatun nas na gaggawa a Amurka: yadda ake shiga da yadda ake fita lafiya

Salam ƴan uwa. Tun da na gama karatun nas ɗin nan ake ta tambayata, yawanci mata da suka zo Amurka da digirinsu daga gida, wata bayoloji ta karanta a BUK wata kuma tattalin arziki a ABU, an zo nan digiri na kwance cikin akwati ba aikin yi. Toh akwai hanya, ABSN ake ce mata, cikakken digirin nas ne amma an matse shi cikin wata 11 zuwa 18 saboda wanda ya riga ya yi digiri a wani fannin. Da ke zan yi magana ƴar uwa tunda ku kuka fi tambaya, amma maza ma suna yi sosai. Abinda nakeso ki riƙe shine shekarar kafin shiga ita ke yanke komai, domin in aka fara wlh ba lokacin gyara komai.

Fara da takardun gida, yau ɗinnan ba gobe ba. Makarantun nan basa karɓar satifiket ɗinki hakanan, sai wata hukuma irin WES ko ECE ta auna shi ta ce daidai yake da digirin nan, kuma ki zaɓi awon da ake bi kos bayan kos dan su fitar miki da maki irin nasu. Jami'arki ce za ta aika sakamakonki kai tsaye, ba ke ba, kuma anan ake shan wuya, ni sai da ƙanina ya yi ta zarya ofis ofis wata da watanni kafin takardar ta fita. Ki samu wani tsayayye a gida ki ɗora masa wannan aikin. Yawancin makarantu suna neman maki 3.0 cikin 4.0, wasu kuma sai sun ga TOEFL ko IELTS duk da da turanci kika yi karatu, ki tambaye su tun wuri.

Kafin takardun su iso ki fara kwasa-kwasan share fage. Kusan ko'ina za a nemi anatomi da fisiyoloji kashi 1 da 2 tare da ɗakin gwaji, maikurobayoloji, kemistiri, lissafin ƙididdiga, ilimin abinci mai gina jiki, sai ilimin halayyar ɗan adam daga haihuwa zuwa tsufa. Ki yi su a kwalejin unguwa mai shekara 2, ta fi jami'a araha nesa ba kusa ba. Ko kin taɓa yinsu a gida kar ki saki jiki, makarantu da yawa basa karɓar kos ɗin kimiyya da ya wuce shekara 5 ko 7. Kuma kar ki raina anatomi, makinki na nan suke fara dubawa, gara ki ɗauki kos biyu a zango ki ci A da ki kwaso huɗu ki tashi da C. Wasu makarantun za su ƙara miki da jarabawar TEAS, tambaya 170 ce, karatu da lissafi da kimiyya da turanci, wasu kuma HESI suke so.

Yanzu zaɓen makaranta, dan Allah ki nutsu anan. Abu biyu za ki tabbatar da idonki: hukumar nas ta jihar ta amince da shirin, sannan yana da shaidar inganci daga CCNE ko ACEN, hukumomin da ke tantance karatun nas. Ki shiga shafin hukumomin da kanki ki duba, kar ki tsaya kan abinda mai talla ya faɗa miki a waya. A 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu a Florida da suka sayar da takardun nas na bogi sama da 7,600, mutane sun yi asarar kuɗi da lasisi da mutunci gaba ɗaya, duk wanda ya ce miki zai samo miki takarda ba tare da kin shiga aji da asibiti ba ki guje shi. Ki tambayi kashi nawa na ɗalibansu ke cin NCLEX, jarabawar samun lasisin nas, a zaman farko, sannan ki tambaya su ke nema wa ɗalibi asibitin koyon aiki ko shi zai nema wa kansa, wannan tambayar tana da muhimmanci sosai ga masu shirin da ake lakca ta intanet. Da yawa ta NursingCAS, shafin neman gurbi a makarantun nas, ake cike fom ɗinsu, ki nemi aƙalla uku ko huɗu. A wasiƙar da za ki rubuta kan dalilinki ki faɗi gaskiyar labarinki, in jinyar mahaifiya kika yi ki faɗa, ya fi ki kwafo kalaman da kowa ke rubutawa.

Kuɗi kuma ki zauna da maigida ko iyaye a yi lissafi ƙarara. Tunda digiri na biyu ne ba a bada tallafin Pell, kyautar kuɗin karatu ta gwamnati, sai dai bashin karatu ta FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnati, ga ɗan ƙasa ko mai girin kad, kuma jami'ar gwamnatin jiharki ta fi mai zaman kanta sauƙi. Mai bizar ɗalibi bata samun bashin gwamnati, aikinta ma bai wuce awa 20 a sati cikin makaranta. Su kansu makarantun za su ce miki kar ki yi aiki lokacin karatun, kuma gaskiya suka faɗa, saboda haka kuɗin haya da cefane da mai rainon yara duk ki tanade su kafin ranar farko.

In aka ɗauke ki za su nemi katin rigakafi, binciken ko kin taɓa laifi, gwajin ƙwaya, da katin BLS na koyon farfaɗo da numfashi. Ga wani abu da ya shafe mu: yawancinmu an mana allurar BCG muna jarirai, tana iya sa gwajin tarin fuka na fata ya nuna kamar kina da shi, ki nemi a miki na jini tun farko ki huta da zarya.

Shi karatun kansa gudu ake ba tsayawa, abinda wasu ke yi a wata huɗu ku za a iya baku a sati 7 ko 8, jarabawa kusan kowane sati. Makin tsallakewa ma ya fi wanda muka saba, wurare da yawa sai 75 zuwa sama, lissafin awon magani kuwa wasu 90 suke nema wasu 100 cif, kuma faɗuwa kos biyu na iya sa a sallami mutum. Haddar da muka iya a gida tana taimako a ilimin magunguna amma ita kaɗai bata isa, tambayoyinsu za ki ga amsa huɗu duk kamar daidai, ana so ki zaɓi wadda za a fara yi, wane majinyaci za ki fara dubawa. Tun satin farko ki riƙa yin tambayoyin gwaji kullum ko guda 20 ne, kina karanta dalilin kowace amsa harda wadda kika ci. In kika faɗi jarabawar farko ki je ofishin malama a satin, kunya bata da amfani anan.

Ranar asibiti awa 12 ce a tsaye, tun kafin gari ya waye kin fita. Ki sayi takalmi mai kyau, hijabi ƙarami wanda baya lilo kan majinyaci, ki gaya wa malamar da ke kula da ku maganar sallah tun ranar farko, minti biyar ne kuma asibitoci da yawa suna da ɗakin ibada. Azumi ya same ni a tsakiyar zango, sahur mai nauyi da rage karatun dare shi ya fisshe ni. Ki kuma gaya wa dangi da ƙawaye ba za a ganki a suna da biki ba na ɗan lokaci, su yi haƙuri.

Kina gamawa ki nemi lasisi a hukumar nas ta jiharki, ki yi rijistar NCLEX ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarabawar, dala 200 ne, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa 5, kuma tun Afrilun 2023 aka ƙara mata tambayoyin da ake baki labarin majinyaci ki bi shi daki daki. Ki sa ranar cikin sati 4 zuwa 8 bayan gamawa tun karatun na da zafi a kanki. Allah Ya bada sa'a.