Yadda ake ɗinka bargon ƙyallaye, da kurakuran da ke ɓata wa mai koyo aiki

Kowane shagon tela yana tara ragowar atamfa buhu-buhu, musamman bayan ɗinkin sallah, kuma yawancinta shara ake kai ta. Da waɗannan ƙyallayen ana iya haɗa bargo mai ɗumi da zai yi wa yaro shekaru yana rufa da shi lokacin hunturu. Hawa uku gare shi: fuska, wato ƙyallayen da aka harhaɗa, sai ciko a tsakiya, sai shafi a baya, sannan a bi da ɗinki a kama su wuri ɗaya. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin haka ake yin lifidin da ake sa wa dawaki a hawan sallah: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani.

Abin da ke karya gwiwar mai koyo shi ne kuskuren wannan aiki ba ya nuna kansa a inda aka yi shi. A wurin yanka ake yin sa, ko a wurin wanki, amma sai an zo haɗa layuka ko an wanke bargon karon farko zai fito. Don haka kowane mataki a nan yana tafe da alamar da za ka gani idan an kuskure shi.

A fara da ƙaramin bargo. Murabba'i 80, wato gidaje, kowanne inci 5, a jera 8 a faɗi, 10 a tsawo. Bayan ɗinki kowanne zai koma inci 4 da rabi, bargon ya tashi kimanin inci 36 da 45. Wanda ya fara da na gadon aure yakan gaji a tsakiya, kuma nauyinsa ma ba ya juyuwa a ƙarƙashin keke a hannun wanda bai saba ba.

Zaɓen yadi da wanki

Tsinci na auduga zalla masu kauri ɗaya. Kada ka haɗa atamfa da leshi, ko shadda mai nauyi da yadin roba mai santsi, ko wani yadi mai miƙewa irin na singileti. Kowanne da yadda yake ja a ƙarƙashin allura, kowanne kuma da yadda yake tsukewa a ruwa. Idan aka gauraya su, bargon zai fito lafiya daga keke, amma wanki ɗaya zai sa wasu gidajen su tattare, wasu su yi jaka.

Wanke komai kafin almakashi ya taɓa shi, har da shafin. Masu duhu daban, masu haske daban. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba: jiƙa ƙyalle cikin ruwan ɗumi tare da guntun farin yadi na minti 30, in farin ya ɗauki launi a sake ɗaurayewa har ruwan ya fito fes. Wanda ya ƙi daina zuba bayan ɗauraya uku, a cire shi, komai kyansa. Wankin yana kuma fitar da sitacin sabuwar atamfa, wanda ke ɓoye ainihin laushinta. In ya bushe a goge.

Yanka

Nan ne rabin matsalar take. Yi ma'auni na inci 5 cif da abu mai tauri, kamar gefen tsohuwar jarka ko faranti na roba. Kwali yana cinyewa: fensir yana goge gefensa kaɗan-kaɗan, kafin ka zana na talatin ya riga ya fi na farko ƙanƙanta, kai kuwa ba ka sani ba. Zana da fensir mai tsini a bayan yadin, ba da allin tela mai kauri ba, domin faɗin layin alli kaɗai ya isa ya ƙara wa gida girma. Kada ka yanka fiye da ninki biyu a lokaci ɗaya da almakashi, na ƙasan yana zamewa.

Sannan ka dubi yadda zaren saƙar ya kwanta. Gefen ma'auninka ya bi miƙen zare, wato ya yi daidai da bakin atamfa inda ake buga sunan kamfani. Ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa da zarar an ja shi, sai murabba'i ya karkace. Ragowar tela da yawa daga wuyan riga da hammata suke fitowa, a karkace suke, don haka a duba kowanne. Shi kansa bakin atamfar a yanke a yar, saƙarsa ta fi ta jiki tsauri.

Kafin ɗinki, shimfiɗa gidajen 80 a kan tabarma. Atamfa mai manyan zane idan ta haɗu da 'yar'uwarta ido ba ya samun wurin hutawa, saboda haka a riƙa raba su da yadi marar zane, ko a jera mai duhu kusa da mai haske. Ɗauki hoton shimfiɗar da waya ka mayar da shi baƙi da fari, nan take za ka ga inda duhu ya taru wuri ɗaya. Liƙa wa farkon kowane layi lambarsa da ɗan fil.

Ɗinkin fuska

Tazarar ɗinki daga bakin yadi rubu'in inci ce, kuma dole ta zama ɗaya daga gidan farko zuwa na ƙarshe. Tela da ya saba da ɗinkin riga yakan bar rabin inci ko fiye, ya kuma auna da ido, domin riga tana yafe wannan. Bargo ba ya yafewa. Layi mai gida 8 yana da ɗinki 7. In a wani layi ka zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane ɗinki, yadi biyu ne ke ciyuwa, wato rubu'in inci ke nan sau 7: layin zai gaza ɗan'uwansa da inci 1 da kashi uku cikin huɗu. Shi ya sa kusurwoyi ke ƙin haɗuwa.

Maganinsa mai sauƙi ne. Sauke allura, auna rubu'in inci daga bakinta zuwa dama, liƙa salatif mai kauri a kan farantin keke, bakin yadi ya riƙa bin sa. Gwada da gida uku: in ka haɗa su, na tsakiyar ya auna inci 4 da rabi daidai. In bai kai ba, gyara salatif ɗin kafin ka ci gaba. Sa allura lamba 12, tsawon ɗinki kamar 12 a inci ɗaya. A baƙin keke irin Butterfly ko tsohuwar Singer, ana saita tsawon ɗinkin da abin da ake ɗagawa a dama.

Bayan kowane layi a yi guga, amma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen gaba da baya, domin ja yana miƙar da yadi. Kwantar da bakunan ɗinkin layi na 1 zuwa dama, na 2 zuwa hagu, haka har ƙarshe. Idan ka zo haɗa layuka biyu, bakunan za su shiga juna su kulle, kusurwa ta zauna da kanta. Soka fil a kowace mahaɗa. In wani gida ya ɗan fi abokinsa tsawo, sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke za su cinye rarar. Bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na inci ba a bar shi, ba zai nuna ba bayan an gama. Wanda ya wuce haka a kwance: tsinke zare ɗaya cikin kowane huɗu a gefe guda, ka ja na ɗaya gefen ya fito. Kada a buɗe ɗinkin a bi da reza, nan da nan take huda yadi.

Haɗa hawa uku

Shafi da ciko su zarce fuska da inci 3 a kowane gefe, kimanin inci 42 da 51. Yadi ɗaya da rabi na atamfa ya isa shafi. Ga mai koyo, ciko mafi sauƙi shi ne tsohon bargo marar kauri da aka wanke, ko falanel ninki biyu. Ɗanyar auduga tana da ɗumi, amma in ba a kama ta da ɗinki duk bayan inci 2 ba, wanki zai dunƙule ta a kusurwa.

Shimfiɗa shafin a kan siminti mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa, ka liƙe gefunansa da salatif ya miƙe ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Ɗora ciko, ɗora fuska, kana shafawa daga tsakiya zuwa gefe. Sai ka kama su da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi ko fil mai kulle, duk bayan faɗin tafin hannu. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, sai su soka fil goma su hau keke. Sakamakonsa shi ne in an juya bargon a tarar da shafi ya yi ninki-ninki a ƙarƙashin ɗinki, kuma kwance wannan ya fi kamun farko cin lokaci nesa ba kusa ba.

Canza allura zuwa lamba 14, ka tsawaita ɗinki zuwa 8 ko 10 a inci. Sassauta abin murɗawar da ke saman keke don ƙafar keken da ke danne yadi ta rage danna, saboda haƙora suna jan na ƙasa, ƙafa kuma tana tura na sama. Fara daga layin tsakiya ka nufi gefe, kana bin kusa da mahaɗar gidaje, ka naɗe ɓangaren dama don ya shige. Ajiye tebur ko kujera a hagu ta ɗauki nauyin bargon, domin in yana rataye zai ja allura, ɗinki ya riƙa tsalle ko allurar ta karye. In keken ya ƙi ɗaukar kaurin, yi ƙulli da hannu: zare mai kauri, a soka a fito a kowace kusurwa, a ƙulla sau biyu, a bar jela ta rabin inci.

Baki

Datse rarar ciko da shafi, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, su zo ɗaya. Yanka tsiri 5 masu faɗin inci 2 da rabi, waɗanda tsawonsu a haɗe zai zagaye bargon, haɗa su a karkace don mahaɗar kada ta yi tudu, ninka biyu a tsawo ka goge. Ɗinka a fuskar bargo da tazarar rubu'in inci, kana farawa daga tsakiyar gefe, ba daga kusurwa ba. In ya rage rubu'in inci ka kai kusurwa, tsaya, fitar da bargon, ninka tsirin sama sannan ƙasa ya bi sabon gefen, ka ci gaba. Kada ka ja tsirin yayin ɗinki, in ka ja bakin bargon zai tattare kamar bakin jaka. Juya shi baya ka kalmashe da hannu.

Cire ɗinkin wucin gadi, wanke da ruwan sanyi, kada a murɗe wajen matsewa. Shanya shi a kan igiya biyu a inuwa don nauyin ruwa kada ya ja shi gefe ɗaya.