Darasi na 7: Tattara Hankali Wuri Ɗaya

Ka taɓa tsayawa wurin masu awon shinkafa a kasuwar Jega ko ta Argungu? Mai awo ba ya ƙirga a zuci. Yana juye tiya yana faɗin lissafin da baki: sha huɗu, sha huɗu, sha biyar. Ko ka yi masa sallama, a gajarce zai amsa. Ba wulaƙanci ba ne. Ya san da zarar ya shiga "ina gida, ina yara", lissafi ya zube, sai an zazzage buhu an sake.

Da yawa cikin masu zuwa aji suna cewa, "Malam, kaina ya tsufa, ba ya riƙe karatu." Ba mu yarda ba. Wanda ke riƙe bashin mutum goma a ka, kansa bai tsufa ba. Jikinsa ne ke aji, hankalinsa yana fadama wajen injin ban-ruwa, ko wajen kuɗin taki. Hankali ke gani, ido gululu ne.

Ka sani fa, kowa hankalinsa na yawo. Har liman yakan yi rafkanuwa, shi ya sa aka koya mana ƙabli da ba'adi. Aikinka shi ne ka gane lokacin da ya tafi, ka dawo da shi, kamar yadda makiyayi ke koro saniyar da ta nufi gonar mutane. Ba ya zama ya yi ta zagin kansa. Ya koro ta, in ta sake fita ya sake korowa. Kai ma ka ce a ranka, "Na tafi tunanin taki, bari in dawo kan wannan layin." In tunanin mai muhimmanci ne, rubuta kalma ɗaya a gefen takarda, "taki" kawai, ka bar shi har ka gama. Ka ga rubutu ya fara yi maka rana ke nan.

Kan mutum ba ya ɗaukar abubuwa masu yawa a lokaci guda. Lambar waya tana da alƙaluma 11. In an zubo maka su a jere, sai su tsere. In an yanka su kashi uku, huɗu da uku da huɗu, sai su zauna. Haka za ka yi wa karatu: layi ɗaya, ka sa yatsa, ka karanta a bayyane kamar mai awo, sannan na gaba.

Ita kuwa waya, taura biyu ba ta taunuwa. Kashe ƙararta, ka bar ta a wani ɗaki. Uwargida, ke kuma zaɓi lokacin da kika sauke tukunya, yara suna makarantar allo. Mai gyangyaɗi ma ba ya karatu. Likitoci na cewa baligi na bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Aikin gida

Bayan sallar asuba, ko wani lokacin da gida ya yi shiru, zauna da littafinka minti 10. Kafin ka buɗe, faɗi da baki abin da za ka yi: "Zan karanta layi biyar." Ajiye tsakuwa ko ƙwayar wake kusa da kai. Duk sanda ka kama hankalinka ya fita, tura guda ɗaya gefe, ka ci gaba daga inda yatsanka yake. In ka gama, ƙirga su ka rubuta adadin. Kada yawansu ya dame ka a kwanakin farko, alama ce ka fara lura. Yi haka kwana 7, ranar aji ka zo wa malami da takardar. Wanda minti 10 ya yi masa kaɗan, ya ƙara biyar a mako mai zuwa.