Darasi na 7: Injin motar zamani da mai ba shi umarni

Jama'a yau bonet za mu ɗaga. Injin fetur aikinsa ɗaya ne, ya ƙona mai da iska cikin silinda, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa, fistin ya juya kirankishaf, wato sandar ƙarfen da ke mai da hawa da saukarsa ya zama juyi, daga nan ƙarfi ya bi ta giya har tayoyi. Motsi huɗu fistin ke yi: ya shaƙo iska da mai, ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama, sannan ya turo hayaƙi waje ta salansa. Tsarin tsoho ne, tun 1876 wani Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera irinsa.

To me ya canza? Mai rabon fetur. Da kabureta ce, irin ta Peugeot 504, bakanike ya kasa kunne ya ɗan murɗa da sukudireba shikenan. Yanzu injekta ke fesa mai, kuma ba ta fesawa sai da umarnin wata ƴar kwamfuta da ƴan gareji ke kira biren bokis, ita kuma sensa-sensa ke kai mata rahoto, wannan ya auna iskar da ta shiga, wancan zafin ruwa, wani na jikin salansa yana sansanar hayaƙi, duk don ta daidaita kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur a nauyi. Sensa ɗaya ya yi ƙarya sai mota ta fara zuƙar mai.

Shi ya sa in an ce a cire maka tamostat, wato ƴar na'urar da ke daidaita zafin injin, wai don zafin ƙasarmu, ka ce a'a. Injin nan an yi shi ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 90, in ya daɗe bai kai ba kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai, aljihunka ke biya. Baƙin mai ma haka, injuna da yawa na yanzu mara kauri suke so kamar 5W-30, don hanyoyinsa a ciki sirara ne.

Fitilar cek injin ta kunnu? Kar a liƙe ta da salatef, a jona sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, a ƙarƙashin sitiyari ta nuna lambar matsalar.

Aikin gida: ka duba murfin baƙin mai na wata mota ko littafinta, ka kwafo lambar man da aka rubuta.