Yadda ake samar da sabon irin furen wardi

Wardi mai dogon kara da babban fure guda, wanda masu lambu ke kira hybrid tea, ya samo asali ne daga Faransa, inda wani mai lambu mai suna Guillot ya fitar da irin da ake kira La France a 1867. Ga yadda ake haɗa sabon iri.

Da farko a zaɓi wardi biyu: uwa mai yawan ɗaure 'ya'ya da uba mai launi ko ƙamshin da ake so. Da sassafe, kafin furen uwar ya buɗe, a cire ganyayen furen, sannan a tsince 'yan silayen da ke ɗauke da garin fure, kada ya barbari kansa. Wannan mataki ne ya fi buƙatar natsuwa, domin sili ɗaya da aka manta ya isa ya ɓata aikin. Washegari, idan tsakiyar furen ta yi danƙo, a shafa mata garin uban da ƙaramin burushi, a rufe da jakar takarda, a rubuta sunayen iyayen, na uwa a gaba.

Bayan kamar wata huɗu ɗan zai nuna. A fasa shi, a sa irin cikin firji da ɗan laima na mako shida zuwa goma, sannan a shuka.

Mafi yawan tsiron ba zai gamsar ba. Wanda ya yi fice a aura shi a kan saiwa mai ƙarfi, a gwada shi shekaru, ana rubuta yawan ganyen furensa, launi, ƙamshi, tsayi da juriyar cutar baƙin tabo, kafin a yi masa rajista da ƙungiyar wardi ta Amurka.