Yadda Za Ka Kula da Guringuntsin Gaɓoɓinka

Guringuntsi mai lafiya fari ne mai santsi, yana lulluɓe da kan ƙasusuwa a inda suka haɗu, kuma kaurinsa a gwiwa yakan kai milimita 2 zuwa 4. Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, wanda zaren kolajin (wani irin furotin mai ƙarfi da ke jiki) da wasu sinadarai ke riƙewa. Babu jijiyar jini a cikinsa, don haka abincinsa daga ruwan gaɓa yake zuwa, kuma ruwan yana shiga yana fita ne idan ana taka ƙafa ana ɗagawa, kamar soson da ake matsewa a saki.

Saboda haka motsi shi ne matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya a ƙafa ko tuƙa keke sun wadatar. Wanda sana'arsa ta zama ce, kamar tela ko direba, ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci yana ɗan takawa. A ganina babban kuskure ne mai ciwon gwiwa ya kwanta gaba ɗaya, domin rashin motsi yana raunana guringuntsin da tsokar da ke tallafa masa. Don ƙarfafa tsokar cinya, ka zauna a kujera, ka miƙe ƙafa ɗaya sambal, ka riƙe ta daƙiƙa biyar sannan ka sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa.

Ka kuma lura da ƙiba, domin kowane kilo guda da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa yakan daɗe yana cinyewa mai shi bai sani ba, kuma idan ya lalace da wuya ya koma yadda yake. Kada ka raina targaɗe ko buguwa a gwiwa, kada kuma ka dogara da haɗin ƙwayoyin da ake sayarwa ba takardar likita, waɗanda ke danne zafi kawai. Idan gaɓa ta kumbura, ko tana sanƙarewa da safe, ko tana maƙalewa yayin tafiya, ka je asibiti likitan ƙashi ya duba ta.