Yadda Ake Haɗa Enkoda da Maƙirgin Gaggawa na PLC S7-1200

PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injuna a masana'anta, tana duba mashiganta ne sau ɗaya a kowane zagayen shiri, zagayen kuwa yakan ɗauki 'yan milisakan. Enkoda na'ura ce da ke harbo bugun lantarki yayin da sandarta ke juyawa. Enkoda mai bugu 1000 a kowane juyi, in tana kan inji mai juyi 1500 a minti, bugu 25,000 take harbowa a daƙiƙa. Shiri ba zai iya cim musu ba. Shi ya sa Siemens ta sanya wa S7-1200 maƙirgan gaggawa har shida, wato HSC, waɗanda ke ƙirgawa da kansu ba tare da jiran shirin ba.

1. Kashe wuta tukuna. Haɗa wayar A ta enkodar a mashigar PLC mai lamba I0.0, wayar B a I0.1. In enkodar PNP ce mai volt 24, wato mai turo volt 24 a kowane bugu, kai 1M, mahaɗar da mashigan ke tarayya a kai, zuwa volt 0. Yi amfani da waya mai sulke, ka nisanta ta da wayoyin injin.

2. Buɗe TIA Portal, manhajar Siemens ta shirya PLC, shiga saitin CPU, ka kunna HSC1, ka zaɓi ƙirgen A/B.

3. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don Allah ka kula. Kowace mashiga tana da matatar da ke tace hayaniyar lantarki, kuma daga kamfani tana zuwa a milisakan 6.4. A haka, bugun da ya wuce kusan 78 a daƙiƙa ɓacewa yake yi: in ka juya da hannu ƙirge ya tafi daidai, inji na ɗaukar gudu sai lamba ta tsaya cak. Rage lokacin matatar I0.0 da I0.1 zuwa 'yan maikirosakan.

4. Tura saitin cikin PLC, ka sa ido kan adireshin ID1000, inda ƙirgen HSC1 ke fitowa, sannan ka juya sandar enkodar a hankali. In lambar baya take yi maimakon gaba, musanya A da B.