Kurakuran da aka fi yi wajen ƙawata ɗaki da zanen gargajiyar Japan

Mafi yawan masu sayen zanen Japan sukan buga ƙusa su rataye shi, shi ke nan, ya zauna shekara da shekaru kamar hoton biki. A can ba haka ake yi ba. Zanen da ake naɗewa, kakejiku, ana rataye shi ne a wani lungu na musamman da ake kira tokonoma, kuma ana sauya shi idan yanayi ya juya: furen ume a ƙarshen sanyi, sakura a bazara, jan ganyen momiji a kaka. Barin zanen dusar ƙanƙara a bango lokacin zafi alama ce ta rashin sanin abin.

Sauyawar tana kuma kare zanen. Takardar washi da siliki ba sa jure haske. Launi yakan kode, takardar ta yi rauni. Bayan 'yan makonni a sauke shi, a naɗe a hankali ba tare da matsewa ba, a sa a akwatin itacen kiri. Laima tana kawo fumfuna, bushewar hunturu kuwa tana sa shi ya tankware ko ya tsage, don haka kada a rataye shi kusa da taga ko bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma shi ne ya fi ɓarna. Launukan daga dakakken dutse da ɓawon kawa ake yin su, ƙaron fatar dabba ne kawai ya riƙe su, ruwa na taɓawa su narke. Buroshi mai laushi ya isa.

Byobu, allon nan mai ninkewa, a tsaye ake kafa shi, fallayensa a ɗan ninke, ba a miƙe shi a manne da bango ba. Sau da yawa biyu ne, kowanne falle 6, kuma daga dama ake kallo zuwa hagu. Idan yanayin shekara aka zana a jere, aka kuma musanya su, sai sanyi ya riga bazara.

Sai masu ganin farin fili a zane su ɗauka ba a gama ba, su cika gefensa da agogo da kalanda. Zanen bishiyoyin matsu na Hasegawa Tohaku da ke gidan tarihi na ƙasa a Tokyo, galibinsa hazo ne da fili. A bar wa zane mai farin fili bangon shi kaɗai.

Shahararren hoton igiyar ruwa na mai zane Hokusai kuwa bugawa aka yi da sassaƙaƙƙen katako, ba zanen hannu ba ne. Kada mai sayarwa ya caje ka kuɗin zane.